Damin Dawar Iya

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai ɗayanku ya tayar da labarin damin dawar Iya, a yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Habibu ne gwanin kwaikwayo: ya cire takalmi, ya ranƙwafa, ya tsaya ƙiƙam a tsakar gida wai yana jiran sarkin ƙofa. Ni ma ina dariyar, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne labarin ya fara isa kunnen 'ya'yanku kamar tatsuniyar wata tsohuwar ƙauye da ta je birni ta ba mutane kunya, alhali ba haka aka yi ba. Kai Habibu mai ba da labarin, ko kaciyarka ba ta daɗe da warkewa ba a lokacin, kuma rabin hanyar barci ka yi da ɓawon rake a ƙirji. Ummi a cinyar mahaifiyarku take. Babban yayanku yana makarantar kwana, bai ma bi mu ba. Binta ce kaɗai ta san abin da aka yi, ita kuwa ko shekara za a yi ana tambayar ta ba za ta faɗa ba. To, tun ina da sauran ido da hannu, bari in ajiye muku shi yadda yake.

Iya, mahaifiyata, Bamagujiya ce, kuma ban taɓa ɓoye muku wannan ba. A wata unguwar gona bayan Kafur aka haife ni, inda kowane gida ke tsakiyar gonarsa, maƙwabci sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka. Nomau aka raɗa mini don ana tsakiyar noma na zo duniya. Da na zo makaranta Malumfashi na musulunta, na zama Isiyakun da kuka sani. Na koma gida ina ɗar-ɗar na faɗa mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma bi ni ba. Bayan rasuwar mahaifina, da na ga ɗakinta ya fara yoyo, rijiya kuma ta yi mata nisa, na je na ɗauko ta da akuyarta da tukwanenta na kawo ta gidan nan. An yi surutu a unguwa. Har wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci yana ba ni shawarar in gina mata ɗaki can bayan gida. Na ce masa cikin da ya ɗauke ni ba a bayan gida ya ajiye ni ba, na saka takalmina na bar shi nan. Mahaifiyarku kuwa, Allah ya saka mata da alheri, ita da kanta ta share ɗakin da ke kusa da nata ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

Iya ba ta iya zaman banza ba. Ta karɓe fegin da ke bayan katanga ta mai da shi gayaunarta, tana shuka farfarar dawar da ta taho da irinta daga ƙauye. Ni malamin gona ne, aikina yawo ƙauye-ƙauye ina lallashin manoma su karɓi sabon iri, amma a gidana an fi ƙarfina. Sai dai ba gayaunar ce ta zaunar da ita a garin nan ba, Binta ce. Kun san tsakanin kaka da jika wasa ne, to su biyun nan sun kai wasan inda ban taɓa gani ba. Sunan Iya ba ya fita a bakina, yau ma da ƙyar alƙalami ya yarda, amma Binta tun tana tatata take kiran ta da shi gatsal: Kande.

"Kande mai haƙori ukku, yau da wanne za ki tauna ƙashi?"

"Da wanda zan tauna kunnenki, ɓera. Wa zai kwashi mai kunnuwan jemage? Sai dai in sai da akuyata in biya a ɗauke mani ke."

Haka suke tun safe har rana ta faɗi. Binta ta ɓoye mata sanda a kan rumbu, ita kuma ta ɗaura takalman makarantar Binta a wuyan akuya. Kwano ɗaya suke ci, su yi ta faɗa a kan yanki ɗaya na nama, a ƙarshe Iya ta tura mata shi tana cewa ai dama ya yi mata tauri. In na dawo daga aiki na jiyo hayaniyarsu tun daga zaure, sai in ji gajiyar ta sake ni.

A shekarar da nake ba ku labari, daminar ta yi kyau, dawa ta fara fitar da kai, sai wata safiya ina zaune ina shan koko na ga Binta ta fito, ta je ƙofar ɗakin Iya, ta durƙusa har ƙasa.

"Iya, ina kwana? An tashi lafiya?"

Iya ta waiga bayanta don ta ga wa ake gaidawa. Ba kowa sai bango. Ta yi dariya, ta ɗauka sabon salon tsokana ne, ta ce ɓera ya yi sata ke nan tun da ya zo da ladabi. Binta ba ta ɗago ba. Ta ce a huta lafiya, ta tashi ta ɗauki jakarta. Da rana ta zuba abincinta a kwano daban. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, in an aike ta wajenta tana zuwa, in Iya ta yi tari tana kawo ruwa da hannu biyu. Sunan nan kuwa ya ɓace daga gidan kamar an share shi da tsintsiya.

Mahaifiyarku ce ta binciko dalili. A hanyar dawowa daga makarantar yamma wasu 'yan mata suka sa ta a tsakiya, suna ce mata jikar arna, wai kwanon da kakarta ta ci ko da toka aka wanke ba ya fita. Babbar ƙawarta ma ta ƙi shan ruwa a hannunta. Yarinya mai shekara goma sha uku, abin da ƙawaye suka faɗa ya fi mata abin da malamai goma za su faɗa. Na tashi a fusace zan bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyarku ta riƙe mini riga ta ce in na je, abin da yara biyar suka sani gobe unguwa duka za ta sani. Sai na kira Binta zaure. Na yi mata wa'azi mai tsawo, na ce addinin da ake yi mata gori da shi shi ne ya ce a kyautata wa iyaye ko da ba hanya ɗaya ake bi ba. Ta saurara har na gama, idonta a ƙasa.

"Baba, me na yi mata? Ban gaishe ta ba?"

Ana iya tilasta wa yaro gaisuwa, amma ban san yadda ake tilasta masa wasa ba. Da zagin ta take yi da na san maganinta. Ladabi take yi mata, ladabin da ake yi wa baƙo, kuma ni na san yadda abin ke sukar Iya, don a inda muka fito jikan da ya daina tsokanar ka ya riga ya cire ka daga dangi.

Iya ba ta yi ƙorafi ba. Ta rage magana, ta rage ci, ta koma wuni a gayauna. Ranar da aka yanke dawarta aka ɗaure, ta kira ni ta ce in zauna.

"Nomau, in an gama sussuka ka mai da ni gida."

"Nan ba gida ba ne, Iya?"

"Gidan da jika ke durƙusa mani ba gidana ba ne. Ba na son ɗiyar nan ta riƙa jin kunya a hanya saboda ni. In ba ta ganina, su ma za su manta."

Gidan da take nufi, ɗakinta ya riga ya rushe rabi. Babu kowa a can sai ɗan ƙanen mahaifina, shi ma da rani yake tafiya neman kuɗi ya bar matarsa da yara ƙanana. Na san in na kai ta, saƙon da zai biyo baya na jana'iza ne. Na roƙe ta, na yi fushi, na sake roƙo. Iya in ta kafe ko jaki ya san ya ga ubangidansa. Na ce to a bari a yi hutun makaranta, don kawai in sami lokaci, ba don ina da wata dabara ba.

Dama na yi wa yara alkawarin in hutu ya zo zan kai su Katsina su ga hasumiyar Gobarau da ganuwa da ƙofofi, saboda Habibu ya ishe mu da labarin abin da malaminsu ya faɗa, kullum hasumiyar tana ƙara tsawo a bakinsa har ta kusa taɓo gajimare. Lokacin hanya lafiya lau take, mutum ya kwashi iyalinsa ya tafi ba fargaba. Ana gobe za mu tafi Iya ta ce da ita za a je, tana da saƙo a birni, tana so ta sauke kafin ta koma ƙauye. Na yi murna, na ɗauka ko iska ta sha ta canza shawara. Da gari ya waye na fito na tarar ta sa an jingina dami guda na farfararta a jikin motata, mafi kyau a cikinsu, zangarniya cike kamar a ci ɗanya.

"Wannan fa, Iya?"

"Na sarkin ƙofa ne."

"Iya, ai yanzu babu wani sarkin ƙofa da ke tsare mutane. Mota wucewa kawai take yi."

"Kai ka sani. Ɗaura mani abuna."

Tsohuwar motata mai dogon baya ce, wadda sai an yi mata addu'a take tashi. Na ɗaure damin a samanta da igiyar shanya. Mahaifiyarku na gaba da Ummi da kwanon dambu, a baya Iya na gefe, Binta na ɗaya gefen ta manne da ƙofa, Habibu a tsakiya kamar katanga. Muka bar Malumfashi, gonaki duk an girbe, sai karmami da auduga fara fat nan da can. Da muka tsaya sayen rake a Kankiya wani mai faci ya ɗaga murya ya ce, Alhaji, rumbun ne ya ƙi shiga motar? Na yi dariya, Iya ta yi, Binta kuwa ta zame ƙasa a kujera har ba a ganin kanta ta taga.

Habibu ne ya tambaya, da bakinsa mai ɗanƙon rake, me sarkin ƙofa zai yi da dawa. A nan Iya ta ba da labarin da ni ɗanta ban taɓa ji ba. Ta ce tana yarinya, ba ta kai Binta ba, mahaifinta ya tafi da ita birni sayen kanwa da gishiri, da jakuna, suna kwana a hanya. Duk tafiyar ba ta zancen komai sai abin da za ta gani a ciki. Da suka iso bakin ganuwa ya sauke dami ya kai wa mai tsaron ƙofa, kamar yadda ya ga nasa uban yana yi. Sannan ya zaunar da ita a gindin wata itaciya tare da jakunan, ya ce ta jira.

"Na ce mashi, Baba, ni hwa? Ya ce dami guda, mutum guda. Ba a shiga birnin mutane hannu sake, kuma ba a shiga sai mai ƙofa ya ce a shigo. Ki bari baɗi in kawo naki. Na wuni nan ina leƙen ƙofa, ina ganin mata masu lulluɓi suna shiga suna hita. Baɗin ba ta zo ba, ciwo ya kama shi da bazara. To ga nawa damin na noma da hannuna."

Ko a zamanin ana karɓar wani abu a ƙofa, ko kuwa kakana ne ya riƙe al'adar iyayensa shi kaɗai, ko ma dabara ce ya yi don a tsare masa jakuna, ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Na dubi madubi. Binta tana kallon waje, amma na ga kunnen nan da ake yi wa gori ya juyo.

Rana ta ɗaga muka iso Ƙofar Ƙaura. Wanda ya san wurin ya san ba ƙofar da Iya ta bari ba ce: gini ne na siminti, titi ya ratsa ta ƙarƙashinsa, motoci da 'yan acaɓa sai wucewa suke yi ba mai ko waiwaye. Ragowar ganuwar ce kawai a gefe, ta zaizaye, awaki na hawa. Ina shirin kutsawa Iya ta daki bayan kujerata ta ce in tsaya. Na gangara gefen titi. Ta fito, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta sa na sauko da damin na ajiye daga waje. Ta gyara zani ta durƙusa kusa da shi, fuskarta na kallon ƙofar.

Na ɗauka minti kaɗan za ta yi ta gaji. Ina! Kwalta ta fara zafi, Ummi ta fara kuka, mutane suka fara taruwa. Na lallaɓa wajen wani dattijo mai faifan goro da ke zaune a inuwa, na yi masa bayani a kunne, shi kuwa mutumin kirki ne, ya gyara hula ya taho yana taku ɗai-ɗai ya ce shi ne sarkin ƙofa, an ba ta izini. Iya ta dube shi ta dubi faifan da ya bari.

"Wanga mai goro ne, Nomau. Tsufa na yi, ban haukace ba."

Kun san ni da zuciya. Na manta a titi nake, na ce Iya don girman Allah ki tashi, babu sarkin ƙofa, ya mutu, 'ya'yansa sun mutu, kin tara mana jama'a! Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ku tahi ku ga abinku, kada yara su yi asarar zuwa. Ni na saba jira nan."

Na tsaya da igiya a hannu, ga uwata a durƙushe a ƙasa ba takalmi, tsofai-tsofai da ita, a wurin da aka bar ta tun tana yarinya. Wallahi na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban mutane. 'Yan acaɓa kuwa abin nema ya samu. Wani ya ce tsohuwa, sarkin ya tafi hutu, sai wata mai zuwa. Wani ɗan iska a cikinsu ya sa hannu ya zare zangarniya ɗaya daga damin yana kaɗa ta sama, yana cewa shi ya karɓa a madadin hukuma. Kafin in motsa na ji an buga ƙofar mota.

"Ajiye mata! Kai ka noma?"

Binta ce. Ta fizge zangarniyar ta soke ta inda take. Yaron ya ja baya yana dariyar borin kunya. Na zaci za ta koma mota. Sai na ga ta tsaya tana kallon kakarta. Daga nan ta juya ta bi ta gefen masu tafiya a ƙasa, ta ratsa ƙofar ta shiga ciki, ta juyo ta fuskance mu. Ta ja mayafinta ta naɗa a ka kamar rawani, ta riƙe ƙugu, ta ƙanƙance ido. Ta ɗaga murya da ƙarfi.

"Ke tsohuwa! Wace ce ke, daga ina?"

Iya ta ɗago a hankali. Na ga leɓenta na motsi kafin magana ta fito.

"Kande ce, ranka ya daɗe, ɗiyar Ranau, daga ƙasar Kafur."

"Me kika kawo?"

"Dami guda."

"Dami guda tak? Duk shekarun nan da kika yi kina jan ƙafa? Kuma ma me za ki tauna a birni da haƙori ukku?"

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Da dawar ta hi haka. Wani ɓera gare mu a gida mai kunnuwan jemage, shi ya cinye sauran."

Jama'a suka kwashe da dariya, har mai goro yana tafi. Su sun ɗauka wasan kwaikwayo muke yi. Ni kuwa na ga hawaye na bin kumatun Binta tana ƙoƙarin riƙe fuskar sarauta, na ga mahaifiyarku ta ja mayafi ta rufe ido.

"To, an karɓa. Shigo, Kande."

Iya ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ƙi karɓar hannuna. Ta taka a hankali ba takalmi, ta bi ta ƙarƙashin ƙofar, Binta ta taro ta. Ba su rungumi juna ba, kada Habibu ya ƙara muku gishiri. Iya ta kama kunnenta ta murɗa, Binta ta yi ƙara ta ƙwace takalman ta ce ba za ta bayar ba sai an ƙara rabin dami. Ni da mai goro muka mai da damin kan mota. Da aka koma ciki, Habibu ya tsinci kansa a bakin taga.

Sauran yinin duk na tuna shi, don ban taɓa yin yini mai daɗinsa ba. Muka bi lunguna muna tambaya har muka isa Gobarau. Habibu ya ɗan yi fushi da ya ga ba ta taɓo gajimare ba. Iya ta zagaya ta tana shafa jan ginin da tafin hannu, ta ɗaga kai ta ce, aradu wanga rumbu ya yi, hatsin wa ake zubawa? Binta ta yi mata bayani cewa hasumiya ce ta tun zamanin da, a kanta ake kiran salla, kuma daga can ake hango mahara. Iya ta ce to ashe da aikinta, Allah ya ji ƙan maginan. Yara suka hau matakala, ni na bi su ina haki, ita ta zauna a gindi da mahaifiyarku. Daga can sama, birni shimfiɗe a gabanmu da rufin kwano da itatuwa, Binta ba ta kalli komai ba sai ƙasa, tana ƙwala kiran sunan nan har masu wucewa na ɗaga kai. Da muka sauko aka buɗe dambu a inuwa. Ban yarda mun haɗa ido da kowa ba, amma na ga hannu biyu a kwano ɗaya, ana faɗa a kan ƙuli-ƙuli.

Daga nan muka je tsohuwar makarantar nan mai ginin ƙasa da aka mayar gidan ajiye kayan tarihi. Iya ta ga tulu da akushi da hauya a cikin gilashi, ta ce ashe dukiya ta baro a ƙauye ba ta sani ba. Muka zaga ta Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, a kowace sai ta tambayi Binta ko nan ma ikonta ya kai, Binta ta ce duk nata ne. A hanyar dawowa su biyun suka yi barci, kan wannan a kafaɗar waccan. Daga baya na tambayi Iya dalilin da ya sa ta ƙi mai goro ta yarda da yarinya. Ta ce mai goro bai san ta ba, ina ruwansa da shigarta, wanda ya rufe ƙofa shi ke buɗe ta. Ko ta shirya abin tun daga gida, ko a wurin ya zo mata, har ta bar duniya ba ta faɗa mini ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. 'Yan matan nan ba su daina ba, sai ma abin da ya ƙaru da suka ga Binta na rako kakarta kasuwa. Ƙawar nan tata ba su sake shiri ba har aure ya raba su. Sau da yawa takan dawo ido jawur, ta wuce ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, sannan ta fito ta ɓoye sandar Iya. Wannan nauyin ita ta ɗauka, ba ni ba, kuma tana ƙarama ta ɗauke shi. Maganar komawa ƙauye kuwa ba a sake tayar da ita ba. Damin nan Iya ta ce na sarki ne, ba mai taɓawa. Binta ta sussuke shi da kanta ta ajiye iri, farfarar da kuke ci a gidanta na Funtua jikokinsa ne. Sunan ɓera ya mutu daga ranar, ta koma Sarkin Ƙofa, ko ɗakinta Iya za ta shiga sai ta tsaya a bakin labule ta nemi izini.

Masu tambaya ta a kan me Iya ta cika, amsata ɗaya ce. Na yi mata magana ba sau ɗaya ba, da taushin da ɗa zai iya, Binta ma ta yi. Tana saurara, wani lokaci ta yi tambaya, wani lokaci ta yi shiru. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta shi ya fi ni sani, kuma ya fi ni tausayinta.

Ta ƙara damina da yawa tare da mu, har ta ga an sa ranar auren Binta. Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ranar da za ta tafi, da hantsi ne, muna zagaye da ita, numfashi na yi mata wuya, Binta na riƙe da hannunta. Ta buɗe ido ta nemi fuskarta.

"Sarkin Ƙofa."

"Na'am, Kande."

"Buɗe mani, zan hita."

"Ba a buɗewa. Damin da kika kawo na shiga ne, ba ki biya na fita ba."

Iya ta yi dariya, 'yar ƙarama, wadda ta fi kama da tari. Ta ce aradu ba ta taɓa ganin azzalumin sarki irin wannan ba. Daga nan ba ta sake magana ba, sai numfashin da ke ta sarƙewa, yana tafiya yana dawowa, ta ƙi sakin hannun. Muna ta kallo ba abin da za mu iya. Can Binta ta share fuska da gefen mayafi, ta sunkuya daidai kunnenta, ni da ke kusa na ji abin da ta ce.

"To, jeki, Kande. Na buɗe."

Ba a jima ba hannun ya saki.

Saboda haka ku ci gaba da dariyarku da salla, Iya ma da tana nan da ita za a yi, har ta gyara wa Habibu inda ya yi kuskure. Amma in ya cire takalmi ya fara, kuka ga Binta ta tashi ta shige madafa ta daɗe ba ta fito ba, ku ƙyale ta, kada wanda ya ce ba ta son wasa. A gidan nan kaf ba a taɓa yin wanda ya kai ta iya wasa ba.